Wai me ya sa tikitin kallon mawaƙa kai tsaye ya koma sai mai hali?

Ta yaya mutum zai shiga layi a intanet dan sayen tikitin fam 148, ya kwashe awanni yana jira, sai da layi ya zo kansa ya tarar tikitin nan dai, wajen tsayuwa ɗaya, dare ɗaya, ya koma fam 355? Abun da ya faru kenan ranar 31 ga Agustan 2024 da aka buɗe sayar da tikitin Oasis, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila da wa da ƙani, Noel da Liam Gallagher, suka ɓata tun 2009 sannan suka shirya. Kafin nan kuma an yi ta mawaƙiya Taylor Swift a Amurka a Nuwamban 2022, inda shafin kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster ya rikice har aka soke sayarwa ga sauran jama'a gaba ɗaya. Tun daga lokacin duk sanda wani babban mawaƙi ya sanar da zagayen wasanni sai cacar baki ta tashi, wasu su ce kamfanin tikiti ne ɓarawo, wasu su ce mawaƙan ne suka cika haɗama, wasu su ce ai 'yan bumburutu ne masu saye su sake sayarwa da tsada. Kowa da gaskiyarsa a ciki amma ba wanda ya riƙe ta duka. Kuma maganar ba ƙorafi ba ne kawai, mujallar Pollstar mai bin diddigin wannan harka ta nuna matsakaicin kuɗin tikiti a manyan zagaye 100 na duniya ya tashi daga wajen dala 96 a 2019 zuwa wajen dala 136 a 2024.

Su wa ke cin kuɗin tikitin tun farko

Mutane da yawa sun ɗauka abu ne tsakanin mawaƙi da mai kallo, kamfanin tikiti kuma ya shigo tsakani ya yanki nasa. Ba haka ba ne, aƙalla hannu huɗu ne a ciki. Akwai mawaƙin da manajansa da wakilin da ke nemo masa wasa. Akwai mai shirya wasan, wato wanda ke sa kuɗinsa ya kama fili ya yi talla ya yi wa mawaƙi alkawarin wani adadi ko fili ya cika ko bai cika ba. Akwai mai filin ko zauren. Sannan kamfanin da ke sayar da tikiti.

Asalin farashin da ake rubutawa, ɓangaren mawaƙi da mai shirya wasa ne ke yanke shi, ba kamfanin tikiti ba. Kuma idan mawaƙin babba ne shi ke kwashe kaso mafi tsoka, sau da yawa ana maganar kashi 85 zuwa 90 na abun da ya rage bayan an cire kuɗin ɗawainiya. Toh kaga mai shirya wasa da mai fili ba za su rayu da ɗan ragowar nan ba, sai su nemi nasu ta wani gefen: kuɗin ajiye mota, abun sha, tallan kamfanoni, da kuma wannan ƙarin da ake liƙa wa tikiti a ƙarshe da sunan kuɗin hidima. Shi wannan ƙarin shi ya fi ƙona wa mutane rai saboda sai ka zo biya kake ganinsa. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya duba wasu wasanni, a rahotonsa na 2018 ya ce ya samu ƙarin yana kai wajen kashi 27 cikin ɗari na kuɗin tikiti. Abun da ba a cika sani ba shi ne ba kamfanin tikiti ne ke cinye shi duka ba, rabawa ake yi, kuma mai fili na samun kaso babba a ciki.

Waƙa ta yi arha a waya, kujera ta yi tsada a fili

Nan ne tushen maganar a ganina. A da, zamanin kaset da sidi, faifai ne ke kawo kuɗi, zagayen wasa kuma talla ne kawai dan a sayi faifan, shi ya sa ake barin tikiti da arha, wanda ya zo kallo yau gobe zai je ya sayi faifai. Sai manhajar musayar waƙoƙi ta Napster ta fito a 1999 mutane suka fara kwasar waƙa kyauta a intanet, kuɗin da ake samu daga sayar da waƙa ya dinga zubewa kusan shekara 15 a jere har zuwa 2014. Lissafi ya juye. Yanzu waƙar ce talla, wasan shi ne kasuwa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Alan Krueger, ya daɗe yana wannan bayanin tun kafin rasuwarsa a 2019.

Wani zai ce ai yanzu akwai kamfanin sauraren waƙa a intanet Spotify da ire-irensa, kuɗi sun dawo. Eh sun dawo, a 2024 kasuwar waƙoƙin da aka naɗa ta kai wajen dala biliyan 29 da rabi a duniya, Spotify kaɗai ya ce ya biya dala biliyan 10 a shekarar. Amma ku duba yadda ake rabon. Kuɗin da ka biya na wata ba ya zuwa wajen mawaƙin da kai ka saurara, zuba shi ake yi a tukunya ɗaya da na kowa, kamfani ya cire wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran a raba gwargwadon yawan sauraren da kowace waƙa ta samu a cikin jimilla. Dan haka ko da wata guda ka yi ba ka saurari kowa ba sai wani ƙaramin mawaƙi da kake so, mafi yawan kuɗinka manyan da duniya ke saurare za su tafi da shi. Kuma ko shi ɗin ba hannun mawaƙi yake fara shiga ba, hannun mai mallakar waƙar yake shiga, wanda sau da yawa kamfanin faifai ne, shi zai cire nasa ya ba mawaƙi abun da yarjejeniya ta ce. Saurare ɗaya bai kai ko santi ɗaya na dala ba. Daga 2024 ma Spotify ya sa doka cewa waƙar da ba ta samu saurare 1,000 cikin shekara ba ba ta da kaso a tukunyar.

Toh mutumin da waƙarsa ba ta ciyar da shi ina zai nufa in ba dandamali ba? Kuma shi dandamalin yanzu tsada gare shi. Korona ta rufe filaye a 2020, ma'aikata da yawa, masu haɗa sauti da fitilu da direbobi, suka bar sana'ar suka kama wata, da aka buɗe sai kowa ya fito zagaye lokaci ɗaya ana rububin motoci da kayan sauti da ma'aikatan da suka rage, ga man fetur da otal da inshora duk sun tashi. Mu masu kallo ma da namu, yanzu ba wanda zai yarda da mawaƙi da makirfo da makaɗa huɗu a filin ƙwallo, sai an ga manyan allunan bidiyo da wuta da 'yan rawa da dandamalin da ke motsi, duk wannan tireloli ne da yawa ke ɗaukarsa daga gari zuwa gari kuma daga tikiti ake biya.

Farashin da ke hawa kana cikin layi

Ku ɗan kwatanta abun a ranku. Ka tashi da sassafe ka buɗe kwamfuta da waya, allo ya nuna maka mutum dubu ɗari da wani abu ne a gabanka, lambar na raguwa a hankali, ba ka isa ka rufe shafin ba ko ka sabunta shi dan kar a mayar da kai baya. Bayan awa uku ko huɗu ka shiga, sai ga agogo a gefe yana ƙirga 'yan mintunan da aka ba ka, ga kuɗi ya ninka fiye da biyu. A wannan halin ba lissafi mutum yake yi ba, awannin da ya ɓata yake tunawa da alkawarin da ya yi wa matarsa ko abokinsa, sai ya danna. Ni wannan ne ban yarda da shi ba ko kaɗan, tsada daban, tarko daban. In za ka sayar fam 355 ka faɗa tun kafin a shiga layi, wanda zai iya ya tsaya wanda ba zai iya ba ya kama gabansa.

Sunan da ya yaɗu shi ne farashi mai hawa da sauka, irin na tikitin jirgin sama da ɗakin otal, inda kuɗi ke bin yawan masu nema. Kowa ya ɗauka wata manhaja ce ke ƙara kuɗin Oasis minti bayan minti. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike a Satumban 2024, a Maris 2025 ta ce ita ba ta ga shaidar wata manhaja na canza farashi nan take ba. Abun da ta gano shi ne an kasa tikitin tsayuwa kashi biyu tun farko, aka fara sakin masu arha, da suka ƙare aka saki masu tsada, ba tare da an gaya wa mutanen da ke layi haka tsarin yake ba. Sannan an sayar da wasu kujeru da sunan na alfarma kusan ninki biyu da rabi alhali ba wani abu da suka fi na kusa da su. Wato mutane ne suka zauna suka tsara, ba na'ura ba. Su Oasis sun ce ba su san za a yi amfani da tsarin ba, kuma da suka zo sayar da na Arewacin Amurka ba su yi shi ba.

Masu kare tsarin ma suna da hujja kuma ya kamata a ji ta. Da aka yi wa mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ca a 2022 saboda wasu tikitocinsa sun haura dala 4,000, amsar da ya bayar a taƙaice ita ce in dai ɗan bumburutu zai sayar a wannan kuɗin ko ta yaya, me zai hana kuɗin ya shiga hannun waɗanda ke kan dandamali suna zufa? Maganar na da ƙamshin gaskiya. Matsalarta ita ce ta mayar da masoyin da ya shekara 30 yana bin mawaƙi daidai da duk wani mai kuɗin da ya zo dan ya ɗauki hoto.

Ticketmaster: babakere ne ko shi ke shan duka

Duka biyun. A 2010 Ticketmaster ya haɗe da Live Nation, kamfanin da ya fi kowa shirya wasanni a duniya, wanda kuma ke da filaye nasa ko yake gudanar da su, har da kula da wasu mawaƙan. Kaga kenan gida ɗaya ne ke shirya wasan, shi ke da zauren, shi ke sayar da tikitin. A Mayun 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka tare da jihohi da dama ta kai su kotu tana neman a raba su, tana zargin cewa Ticketmaster ke riƙe da kashi 80 ko fiye na sayar da tikiti a manyan wuraren wasa, kuma masu filaye na tsoron komawa wani kamfani dan kar a daina kawo musu manyan mawaƙa. Kamfanin ya musanta, ya ce mawaƙa ke sa farashi, filaye ke ɗaukar mafi yawan kuɗin hidima, ribarsa kuma ba ta kai yadda ake zato ba.

Misalin da ya fi nuna ƙarfinsu na Taylor Swift ne. Zagayenta na Eras ba Live Nation ne ya shirya ba, ɓangaren abokin hamayyarsu AEG ne, amma duk da haka dole aka bi ta Ticketmaster saboda mafi yawan filayen ƙwallon da za ta yi wasa sun riga sun ƙulla yarjejeniyar cewa shi kaɗai zai sayar musu da tikiti. In mace mai wannan ƙarfin ba ta iya kaucewa ba waye zai iya? Rigimar ma tsohuwa ce, tun 1994 ƙungiyar mawaƙa ta Pearl Jam ta kai ƙorafin Ticketmaster ta yi ƙoƙarin zagaye ba tare da shi ba, abun bai yi mata daɗi ba.

Amma fa akwai ɗaya gefen da masoya ba sa son ji. Shi tsarin tikitin alfarma da farashi mai hawa ba a kunna shi sai ɓangaren mawaƙi ya amince. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kamfanin ya sha zagi a intanet, mawaƙin ya fito fes ana tausaya masa. Shaidar haka ita ce Robert Smith na ƙungiyar The Cure, a zagayensu na Amurka na 2023 ya ce ba tikitin alfarma, ba farashi mai hawa, ba a kuma miƙa tikiti ga wani dan a ci riba, har akwai na dala 20. Da ya ga an ɗora wa wasu kuɗin hidimar da ya fi kuɗin tikitin kansa ya fito fili ya yi magana, Ticketmaster ya mayar wa mutane dala 10 ko dala 5 a kan kowane tikiti. Ashe ana iyawa. Dan haka duk mawaƙin da ya ce shi bai san komai ba, a tambaye shi me manajansa ya sa wa hannu.

'Yan bumburutun zamani

Da mutum ne zai tsaya bakin ƙofa da tikiti goma a aljihu. Yanzu manhajoji ne da ake kira bot ke shiga layi da sunaye dubbai cikin daƙiƙa, su kwashe kafin ɗan adam ya gama rubuta lambar katinsa, sai ka ga tikitocin a shafukan sake sayarwa irin su StubHub ko Viagogo da ninki uku ko goma. Ranar Taylor Swift, Ticketmaster ya ce shafinsa ya samu buƙata biliyan 3.5, ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan bot, duk da haka an sayar da tikiti sama da miliyan 2 a rana ɗaya. Amurka na da doka kan bot tun 2016 amma da wuya ake jin an hukunta wani da ita. Ƙasar Ayilan ta bi wata hanya a 2021, ta haramta sake sayar da tikitin manyan wasanni sama da asalin kuɗinsa. Wani abun da ke ɗaure kai shi ne shi kansa Ticketmaster yana da ɓangaren sake sayarwa a shafinsa, yana karɓar kamasho a sayarwar farko ya kuma karɓa a ta biyu.

Waɗanda ba a maganarsu

Duk wannan hayaniyar a kan mawaƙa ƙalilan ake yin ta. Zagayen Eras ya yi wasa 149 daga Maris 2023 zuwa Disamba 2024 ya tara sama da dala biliyan 2. Burna Boy ya cika filin London Stadium a Yunin 2023, mawaƙin Afirka na farko da ya jagoranci wasa a filin ƙwallo a Birtaniya. Sai mutum ya ɗauka harkar ce gaba ɗaya ke haɓaka. A ƙasa labarin daban ne, kuma shi ya fi damuna.

Little Simz, mawaƙiyar Landan da ta ci manyan kyautuka, ta ɗage zagayenta na Amurka a 2022 ta ce ita ke biyan komai daga aljihunta kuma asara za ta tafka. Santigold ta soke nata a shekarar bisa irin wannan dalili. A 2024 kuɗin neman bizar wasa a Amurka ya tashi daga dala 460 har ya haura dala 1,600, mawaƙan Birtaniya kuma tun da ƙasarsu ta fice daga Tarayyar Turai suke fama da takardun shiga da kayan kiɗa. Ƙaramar ƙungiya ta mutum huɗu a mota ɗaya, in sun gama wasa mawaƙin da kansa zai sauko da zufarsa ya tsaya bayan teburi yana sayar da riguna da faifai, dan abun da zai biya mai da otal na gobe kenan, kuma a wasu zaurukan ko a wannan ɗin sai an yanki kashi 20 ko 25. A nan dai Live Nation ya yi abun kirki, a Satumban 2023 ya sanar da daina karɓar wannan kason a ƙananan zaurukansa.

Su ƙananan zaurukan ma mutuwa suke. Ƙungiyar Music Venue Trust mai kare ƙananan wuraren kiɗa ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 a Birtaniya sun rufe ko sun daina kiɗa. Dalilin a fili yake, mutumin da ya zuba kuɗin wata guda a dare ɗaya, tikiti da mota da otal, ba zai sake fita kallon wani ƙaramin mawaƙi ba sai bayan watanni. Alhali duk waɗannan manyan a irin waɗannan ɗakunan masu cin mutum 200 suka koyi tsayuwa gaban jama'a, su Oasis ɗin ma a wani ƙaramin kulob a Glasgow aka gano su a 1993. Shi ya sa ake ta kiran a cire fam 1 daga kowane tikitin babban fili a ba ƙananan wurare, Coldplay kuma suka yi alkawarin kashi 10 na abun da suka samu a wasanninsu na Wembley da Hull na 2025. Abu ne mai kyau amma kyauta ce, wanda bai ga dama ba ba zai bayar ba.

Sinima ta zama mafakar wanda bai samu shiga ba

A Oktoban 2023 aka saki fim ɗin wasan Eras a sinima, ba ta hannun manyan kamfanonin Hollywood ba, kai tsaye da kamfanin sinima na AMC aka yi ciniki, tikiti dala 19.89, ya tara sama da dala miliyan 260. Beyoncé ta biyo baya da nata a Disamba. An yi ta musu ko wannan fim ne ko ba fim ba, masu zuwa sinima dan natsuwa na ƙorafin ihu da rawa daga ɗakin da ke kusa. Ni ina ganin hanya ce mai kyau ga wanda ke ƙasar da zagayen ba zai taɓa zuwa ba, kuma kyamara na nuna maka fuskar mawaƙi fiye da yadda mai kujerar can sama zai gani. Sai dai ba abu ɗaya ba ne, a fim an riga an zaɓa maka inda za ka kalla, an gyara sauti, an yanke kuskure, ba kuma wannan bugun gangar da kake ji a ƙirjinka.

Me zai iya canzawa ga mai saye

Abun da ya fi saurin gyaruwa shi ne ɓoye kuɗi. Daga Mayun 2025 dokar hukumar kasuwanci ta Amurka ta tilasta a nuna jimillar kuɗin tikiti tun a farko har da kuɗin hidima, a Birtaniya kuma Ticketmaster ya amince zai riƙa sanar da mutane awa 24 kafin sayarwa idan akwai farashi hawa-hawa. Wannan bai rage ko sisi ba, ya dai hana a yi maka ba-zata.

Ko da an raba Live Nation da Ticketmaster kuɗin hidima ne zai iya sauka in an samu gasa, asalin farashin manyan mawaƙa ba zai sauka ba muddin mutum miliyan 3 na neman kujerar da ba ta kai rabin haka ba. Abun da ke saukar da shi kujerun da ba kowa ne, kamar yadda The Black Keys suka soke zagayensu na manyan zauruka a Arewacin Amurka a 2024 bayan rahotannin cewa tikiti ba ya tafiya. Shi ya sa in ba irin su Oasis ba ne, wanda ya yi haƙuri har kwana biyu ko uku kafin wasa sau da yawa yakan tarar 'yan bumburutun sun karya farashi, wani lokacin har ƙasa da yadda suka saya, dan tikitin da bai fita ba kafin a buɗe ƙofa ya zama asara a hannunsu.